Takardun Siminti na Kakana

Ranar da Kaka ya rasu, wanda ya fara shigowa zaurenmu da kuka ba ɗan'uwanmu ba ne. Mai shayin bakin tasha ne. Ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu yana cewa, "Allona fa shi ya rubuta mini. Ana ruwa ana rana, harafi ɗaya bai goge ba." Sai ya rufe fuskarsa da hular. Kowa ya san daga Allah muka zo, kuma can ne makomarmu, amma ban taɓa ganin ƙaton mutum yana kuka a kan allon shago ba sai ran nan.

Bayansa sai tela, sai mai kemis, sai direbobin tasha abokan aikin Abba, kowa da labarin allonsa. Da la'asar wasu mutum biyu suka iso daga Kano, masu buga littattafai. Ba su taɓa ganin Kaka ba. Ɗayansu ya ce wa Abba, "Mu hannunsa muka sani. Kullum da shi muke aiki." Abba ya ce Allah Ya ba da lada.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Iya, kakata, tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe. Goggo, ƙanwar Abba, ita ce ba ta yi kuka ba ko kaɗan, har wata tsohuwa daga Unguwar Ya ta raɗa wa ta kusa da ita cewa karatun boko yana busar da ido. Na ji ta, don ina tsugune a bayan randa, inda na saba zama idan mutane sun yi yawa. Na kuma ga abin da ita ba ta gani ba. A ƙarƙashin mayafi Goggo tana riƙe da alƙalamin karan Kaka, ta matse shi har ya tsage.

Ni ba mai magana ba ce. Kaka ma 'Yar Shiru yake kirana. Amma ba da daɗewa da rasuwarsa ba na zauna ina son in tuna ko a manuniya tabon tawadarsa yake ko a yatsan tsakiya, na kasa, sai tsoro ya kama ni. Shi ya sa na raba littafin aikin gidana biyu, nake rubuta abin da na gani tun bai ɓace mini ba.

Ran sadakar uku, bayan an shafa addu'a, ƙanen Kaka ya gyara murya. Kakan Gwaram muke ce masa, don can yake zaune a gidan gado. Dogo ne siriri, yana da yanar ido, sai an riƙe masa hannu idan zai ƙetare titi. Ya ce a fito masa da adakar Yayansa. Abba ya fito da ita, koriyar adaka mai lotsattsen murfi da ke zama a ƙarƙashin gadon Kaka. Kakan Gwaram ya shafa murfin ya ce, "Ran bakwai, bayan azahar, zan binne takardun nan kusa da na mahaifinmu. Alkawari ne tsakanina da shi."

Goggo tana bayan labulen zaure, ni ina bayanta. Ta ce, "Baffa, akwai aikinmu a ciki. Aikin shekara biyu ne. Ko ɗaya ba mu ɗauki hotonsa ba."

"Rubutun da aka yi da haruffan Alƙur'ani ba ya yawo a kasuwa, 'yata. Yana da rai na yi shiru. Yanzu amanarsa a wuyana take."

"Baffa, don Allah a buɗe a duba."

"Ke!" in ji Abba. "A gaban mutane?"

Aka sa adakar a bayan mota, aka rufe. Kwana huɗu suka rage.

Sai na faɗi abin da ke cikin adakar, da yadda aka yi ya shiga.

Mahaifin su Kaka marubuci ne a Gwaram, da hannu yake kwafe littattafan addini, kuma ya koya wa 'ya'yansa biyu fiƙe alƙalami tun suna ƙanana. A gidan, takardar da ta tsufa ba a yar da ita. Naɗe ta ake yi a farin ƙyalle, a binne a bayan rumbuna, wurin da aka kewaye da ƙaya don kada ƙafa ta taka. Ranar da suka binne takardun mahaifinsu suka yi wa juna alkawari, duk wanda ya riga, ɗaya zai yi masa haka. Bayan nan Kaka ya taho Birnin Kudu, ya koyi haruffan boko da kansa daga jikin gwangwanin madara da ƙofofin manyan motoci, ya ɗauki burushi da fenti. Ƙanensa bai yafe masa ba. Cewa yake yi Yaya ya kai alƙalamin babansu kasuwa. Tun da na yi wayo gaisuwarsu ba ta wuce ta sallah da ta makoki, kuma ba ta wuce "ya iyali".

Ni ban riski lokacin da rabin allunan garin nan na Kaka ba ne. Na riski lokacin da injin buga bana, wato tallan da ake bugawa a leda, ya zo, aikin ya ɗauke. Abin da na fara sani game da shi shi ne kowace safiya yana buɗe gwangwanayen fentinsa, ya juya su da tsinke, ya mayar da murfi. Ba wanda ya kawo aiki, amma ba ya son su bushe. A wannan lokacin ne mai ƙosan layinmu ta ce tana son allo amma tana jin nauyi. Ya rubuta mata, ya kuma zaunar da ita kwana uku yana nuna mata haruffan sunanta da tsinke a ƙasa. Ya ce mutum ba ya zama a ƙarƙashin rubutun da bai san abin da ya ce a kansa ba.

Goggo ta dawo daga karatun kwamfuta a Dutse da wata laftof ta hannu, an liƙe gefenta da salatif. Ta sami lungu a shagon wani mai fotokwafi tana tsara katin biki da na suna. Abin da ke ba ta haushi shi ne haruffan da ke cikin kwamfutar. Ta ce duk baƙi ne, kuma idan aka zo kan ƙ da ɗ da ɓ sai su fito kamar an aro su daga wani gida. Ta bi gari tana ɗaukar hoton tsofaffin allunan Kaka da waya, har da na wani injin niƙa da ya daɗe da rufewa. Ta zauna tana zana kowane harafi a kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo. Shi ake kira zubin haruffa: idan an gama an saka shi a kwamfuta ko waya, duk wanda ya danna rubutu sai ya fito da wannan siffar. Na farko mai kauri ne, na allon shago, ta sa masa suna Surko, garin su Iya. Na biyu siriri, na littafi, shi ne Kangire, sunan wani ƙauye kusa da mu. Masu buga takardu na Kano suka ji labari. Wata rana malamarmu ta raba mana sabon littafin karatu, na buɗe, na ga g ɗin Kaka mai ƙugiya kamar ta rataye ƙwarya tana kallona. Ban gaya wa kowa a ajin ba. Na dai rufe littafin na sake buɗewa.

Daga lungu Goggo ta koma shagonta na kanta a bakin titi, da sola a kan rufi, da mata biyu da namiji ɗaya suna aiki tare da ita. Mutane suka sa masa suna shagon haruffa. Wani manomi ya taɓa leƙowa ya tambaya ko a mudu ake aunawa. Kaka ya ce masa a tiya ne, amma sai ya zo da buhunsa.

Kaka bai taɓa yarda da gilashin kwamfuta ba. Duk zubin da aka gama, sai an buga kalmomi da shi manya-manya an manna a bangon shago, shi kuma ya ƙetara titi ya tsaya a gindin dalbejiya, hannuwa a baya. Daga can yake ɗaga murya.

"Wannan r ɗin tsoron a take ji? Matso da ita!"

"Baba, na auna. Tazararsu daidai take da ta sauran."

"Kwamfutarki ce za ta karanta ko mutane?"

Daga nan sai ya tare mai wucewa, ko waye, ya ce ya karanta masa. Idan mutumin ya ɗan yi jim kafin ya furta, sai Kaka ya dawo ya ɓamɓare takardar da kansa. Na ga Goggo ta ciji leɓe sau da yawa. Amma washegari r ɗin ta matso.

Babban saɓaninsu a kan ajami ne. Goggo ta ce tsofaffi da yawa a ƙauyuka da shi kaɗai suke karatu, kuma wanda ke cikin waya siriri ne, ba irin hannun da idonsu ya saba da shi ba. Tana son Kaka ya rubuta mata da alƙalamin kara, ta mayar da shi zubi. Yana cin tuwo ta faɗa. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Yau ki saka shi a kwamfuta, gobe a buga shi a ledar burodi, jibi a tsince shi a kwata. Da hannun babana?"

"Baba, hannun zai mutu idan ba a saka ba."

"To ya mutu da mutuncinsa."

Wata biyu bai taka shagon ba. Idan zai je masallaci ta tsallaken titi yake bi, kansa a gaba. Abin da ya dawo da shi wani abokinsa ne daga Surko, wanda ya zo da kwalbar maganin feshi a aljihu bayan ya ƙone riɗinsa gaba ɗaya. Bayanin yadda ake haɗawa yana jikin kwalbar, da boko, shi kuwa mutumin bai san boko ba. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma ya kasa karanta murfi nawa ake zubawa. Kaka ya daɗe yana juya kwalbar. Da safe sai ga shi a ƙofar shago da takardun buhun siminti a hammata.

Sharuɗɗa uku ya kafa. Ba zai rubuta sunan Allah ko aya ba, sai maganar duniya. Ba zai rubuta harafi shi kaɗai ba, sai a cikin magana, don a cewarsa harafi sai ya ga maƙwabcinsa yake sanin yadda zai zauna. Na uku, ba za a ɗauki hoton ko ɗaya ba sai ya gama duka. Goggo ta roƙe shi a kan na ukun har ta gaji. Ya ce hannu yana canzawa, idan ta ɗauki na farko, na ƙarshe zai zo ya ƙaryata shi.

Ɓawon tsakiya na buhun yake cirewa, wanda siminti bai taɓa ba, Iya ta goge masa da dutsen guga na gawayi. Ya ce ita ce takardar da ke shan tawada ba ta baza ta ba. Tawadar da kansa yake haɗawa, gawayi da ƙaro, irin wadda ɗigon ruwa ɗaya yake narkarwa. Yana rubutu a zaure da hantsi ran Asabar da Lahadi, ni ina gefe ina aikin makaranta. Wani lokaci sai in ji yana dariya shi kaɗai, kafaɗunsa na rawa, alƙalami a sama. Na so in tambaye shi. Ban tambaya ba.

Ya gama ana saura kwanaki kaɗan ya kwanta rashin lafiya. Ya ce wa Goggo ran Asabar za a kai shago. Ran Alhamis zazzaɓi ya kama shi. Asabar ɗin da ya faɗa, a asibiti ta same mu.

Kwanakin nan huɗu da adakar take Gwaram, gidanmu ya zama kamar an ɗaure shi da igiya. Goggo ta daina cin abinci. Ta kira wayar ɗan Kakan Gwaram, ya ce tsohon ya ce ba ya magana a kan wannan. Ta tare Abba a soro, ta ce ya kai ta.

"So kike a ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba mun yi wa ƙanensa tawaye?"

"Yaya, ƙasar can ma jiƙaƙƙiya ce. Damina ake. Kwana ɗaya a ciki ya isa."

"Sai ki sake zana wasu."

"Da hannun wa?"

Abba ya ɗauki makullin motarsa ya fita, amma bai je tasha ba. Na leƙa na gan shi zaune a cikin motar, a ƙofar gida, bai tayar ba.

Iya tana takaba, ba ta fita, kuma tun rasuwar ba ta yi maganar da ta wuce amsa gaisuwa ba. Ran kwana shida da yamma ta aika a kira mata Abba. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce, "Ni na goge takardun nan ɗaya bayan ɗaya, har gawayi ya ƙone ni a nan." Ta nuna masa wuyan hannunta. "Ba don a binne su na goge ba. Da ba don halin da nake ciki ba, da kaina zan hau mota. Ka kai ƙanwarka. Ku tafi da yarinyar nan, kada ta tsaya ita kaɗai cikin maza."

Washegari sai da aka gama addu'ar bakwai ta nan gida, aka sallami baƙi, sannan muka tashi. Rana ta riga ta take tsaka. Goggo ta naɗe na'urar ɗaukar hoton takarda a zani ta rungume ta a cinya. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, daidai inda muka nufa. Ramukan hanya duk sun cika da ruwa, Abba yana kauce musu yana tsaki. Wani wuri shanu suka tare mu, makiyayin yana tafe a hankali kamar titin na gidansu ne. Da muka ji kiran sallar azahar daga wani ƙauye, Goggo ta rufe ido.

Ba mu tsaya gaisawa da matan gida ba. Muka zarce bayan rumbuna. An janye ƙayar, an haƙa rami, ƙunshin farin ƙyalle yana ciki, har an watsa masa ƙasa a gefe ɗaya. Kakan Gwaram yana tsaye da sanda, ɗansa yana riƙe da shebur.

Abba ya durƙusa. Goggo ma ta durƙusa, a cikin laka. Ta ce, "Baffa, ba mu zo hana ka cika alkawari ba. Tsofaffin takardunsa a binne. Amma na siminti babu sunan Allah a ciki. Sharaɗinsa ne da bakinsa."

"Yaya ne zai ɗauki alƙalami bai fara da sunan Allah ba? Ni za ki gaya wa Yaya?"

"A karanta maka, Baffa."

"Wa zai karanta? Ke da yayanki bakinku ɗaya. Abin da zai fisshe ku za ku karanta." Iska ta taso, ta ɗaga gefen ƙyallen. Ƙura ta shiga maƙogwarona, na yi tari. Ya juyo da kunnensa. "Wace ce wannan?"

"'Yar wajena ce," in ji Abba. "'Yar Shirun Baba."

"Tana islamiyya?"

"Tana yi."

"Zo nan. Ke ba ki da shago. Ki zaro daga tsakiyar na simintin, kada ki zaɓa. Sau uku. Idan na ji sunan Allah ko sau ɗaya, a mayar a rufe, kuma ba wanda zai ƙara yi mini magana. Kun yarda?"

Na kalli Goggo. Na san ita ma ba ta ga takardun duka ba. Na kuma san Kaka ko ruwa zai sha sai ya yi bisimilla. Goggo ta ce, "Na yarda."

Aka fito da ƙunshin aka kwance. Na zaro ta farko. Na fara ƙasa-ƙasa, sai da ya ce in ɗaga murya. Na karanta: "Riɗi ba ya son ruwa ya kwanta masa. Tayar keken tela ta sace. Kazar maƙwabta ta fi mai gidan sanin gidanmu."

"Ta biyu," in ji shi.

"Wake da shinkafa da manja da yaji. Wanda ya ce ya ƙoshi a miƙo mini kwanonsa." Mai shebur ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye ta.

"Ta uku."

Ɗigon farko ya faɗo a kan hannuna. Na kare takardar da mayafina na karanta a hankali, don layukan suna da tsawo: "Ranar kasuwa aka ba ni da ƙanena akuyar Inna mu kai ta rafi. Ya tsaya kallon 'yan dambe ya saki igiya. Da muka dawo na ce ni na sake ta. Baba ya zane ni da tsumagiya. Ƙanena yana bayan rumbu yana cin gyaɗa. Har yau bai ce mini na gode ba."

Na tsaya. Kakan Gwaram ya miƙa hannu ya dafa jikin rumbun da ke kusa da shi.

"Tunkiya ce," in ji shi.

"Na'am, Baffa?"

"Ba akuya ba ce. Tunkiya ce, mai baƙin kunne." "Kuma gurjiya nake ci." Ya yi wani sauti da ban san ko dariya ba ne ko kuka, haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka a cikin riga. Ruwan ya fara sauka da gaske. Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ku kwashe mana! Me kuke jira, ruwa ya wanke masa ƙaryarsa?"

Abba ya cire babbar rigarsa ya rufa wa takardun, muka ruga ɗaki. A nan Goggo ta yi kukan da ba ta yi ba kwana bakwai, tana yi tana shimfiɗa takardu a kan tabarma. Kakan Gwaram da kansa ya rarrabe su, da taɓawa kawai: masu santsi gefe ɗaya, masu kaushi gefe ɗaya. Masu santsin, wasiƙu da addu'o'in Kaka na tun da, an binne su bayan ruwa ya ɗauke, an mayar da ƙaya. Ya cika alkawarinsa. Takardu uku na can ƙasan ƙunshin kuwa danshi ya riga ya ci su, tawadar ta bazu ta zama kamar hayaƙi. Ba wanda zai ƙara sanin abin da Kaka ya rubuta a cikinsu.

Goggo ta haɗa na'urarta a ɗakin, hasken yana bin takarda yana dawowa. Kakan Gwaram yana zaune yana sauraron ƙarar. Can ya ce, "A injin naku a gyara. A sa tunkiya."

"Baffa, ba maganar yake ɗauka ba, siffar haruffan kawai. Idan an gama, duk abin da mutum ya danna zai fito da hannun Baba."

Ya ce, "Ko ni?"

"Ko kai, Baffa."

Ya ci gaba da sauraron ƙarar har muka tafi.

Sai bayan an girbe gero aka gama zubin. Haruffan da suka ɓata a takardun nan uku, Goggo ta haɗa su daga sauran. Ta ce ita tana ganin bambancin, kuma za ta ci gaba da gani. Ta sa masa suna Gwaram. Ranar gwaji, ba tare da an aika masa ba, sai ga Kakan Gwaram ya sauko daga motar haya. Ya shiga shagon haruffa karo na farko, ya ƙi zama, ya sunkuya ya faɗa wa Goggo wata magana a kunne. Ta danna, ta buga manya-manya, aka manna a bango.

"Ina 'Yar Shiru? Kai ni inda yake tsayawa."

Na riƙe hannunsa muka ƙetare titi. A nan na ga tabon tawada a yatsansa na tsakiya, gefen farce, sai na tuna. A nan na Kaka ma yake.

Muka tsaya a gindin dalbejiya. Na san ba ya ganin komai daga nan sai farin bango. Ya sa hannuwa a baya. Wani dattijo mai goro ya zo wucewa da faifansa, Kakan Gwaram ya tare shi da sanda ya ce, "Malam, karanta mini abin can."

Mai goron ya ɗaga kai, bai yi jim ba ko kaɗan. "Tunkiya ce. Na gode, Yaya." Ya juyo yana dubanmu. "Wace tunkiya kuma?"

"Ba ruwanka," in ji Kakan Gwaram. "Ya karantu?"

"Sarai. Ai wannan hannun mai allo ne, Allah Ya jiƙansa."

Kakan Gwaram ya ce amin. Ni ma na ce amin, da ƙarfi, har Goggo ta jiyo daga tsallake.

Allah Ka yafe wa Kaka, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa abin da mala'iku suka rubuta a kansa ya fi wanda ya rubuta mana kyau. Takardar tana nan a bangon shagon. Rana ta fara cinye ta, amma Goggo ta ce ba wanda zai ɓamɓare.